Motar marayu da gas ɗin jarka

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni mace ce a Rijiyar Lemo. Mai gidana ya rasu shekara biyu da suka wuce, ya bar ni da yara huɗu. Da aka raba gado, motarsa Canter da ke ɗaukar kaya daga Dawanau zuwa kasuwannin ƙauye ta faɗo a rabon yara, kuma da ita muke ci. Ƙanin marigayin ne ke tuƙa ta. Tun bara ya daina shan gas a gidan mai, ya koma wajen wani abokinsa mai sayarwa a jarka, wai ana rage masa naira 150 a kowace lita. Cikin wata bakwai sau biyu ana canja nozul, na biyun har da famfon injekta, kuɗin gyara ya cinye ɗan abin da muka tara. Bakanike ya ce gas ɗin ne ba shi da kyau. Baffan yara ya ce gas ɗin tas yake kamar man gyaɗa, bakaniken ne ke cutar mu. Ni ban san komai a kan mota ba, kuma ina jin nauyinsa. Yaya ake gane gas mai kyau? Wa zan gaskata?

Uwar marayu

Amsa

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan mai gidanki, ya kai haske kabarinsa, ya raya abin da ya bari, ya ba ki ladan riƙo.

Maganar da ta fi tsaya mini a wasiƙarki ita ce wai gas ɗin tas yake kamar man gyaɗa. Na yarda baffan yara abin da idonsa ya gani ya faɗa. Sai dai ido ba ya gane gas. Na yi shekaru ina kula da motocin wani kamfani a Sharaɗa, na ga gas mai duhu kamar shayi da mota ta sha lafiya lau, na kuma ga wani garau kamar ruwan rijiya da ya kwantar mana da mota sati biyu. Launi yana bin irin ɗanyen man da aka tace da yadda aka tace shi. Akwai gas mai kyau da ke zuwa fari-fari, akwai mai ruwan zuma, akwai mai ɗan kore-kore. Mai algus ma ya san launi mutane ke kallo, don haka launin yake fara gyarawa.

Kin ce ba ki san komai a kan mota ba. Abin da kike buƙatar sani ba shi da yawa, kuma idan kika riƙe shi babu wanda zai sake yi miki magana a dunƙule. Injin gas ba shi da fulogin da ke ƙyasta wuta irin na motar fetur. Fistin ne ke matse iska har ta ɗau zafi, sai nozul ya fesa gas a cikinta kamar hazo, ya kama da kansa. Ƙofofin da ke bakin nozul ɗin ba su wuce kaurin 'yan silin gashi ba. Famfon da ke turo musu gas kuwa, ƙarafan cikinsa kusan a manne suke, tazarar tsakaninsu ido ba ya ganinta, kuma inda gas ke bi babu abin da ke shafa ƙarafan nan sai maiƙon gas ɗin kansa. Idan motarku irin ta zamani ce mai kwamfuta, wadda kanikawa ke ce wa kwaman rel, ƙarfin da ake tura gas da shi ya ninka iskar tayar ƙaramar mota sau 700 ko fiye. Ki ƙiyasta abin da ƙwayar yashi ɗaya za ta yi a wannan ƙarfin. Tsohon inji mai famfon gargajiya ya fi haƙuri, amma shi ma haƙurinsa yana da iyaka.

Abubuwan da ke kashe waɗannan sassa sanannu ne. Ruwa yana wanke maiƙo, ya kawo tsatsa, kuma idan ya daɗe a ƙasan tanki wasu ƙwayoyin halitta na tsirowa a tsakaninsa da gas, su zama baƙar yauƙi mai toshe filta. Ƙura da tsatsa suna goge ƙarfe kamar sanfefa. Sai abin da ake tsinka gas da shi, fetur ko kananzir ko wani mai mara nauyi, wanda ke rage maiƙon har ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe. A da kananzir aka fi zubawa. Yanzu ya yi tsadar da ribar zuba shi ta ragu, amma fetur har yau yakan fi gas araha, kuma shi ya fi haɗari.

To mu zo kan naira 150 ɗin nan, don a nan na fi so ki tsaya ki yi tunani. Kano ba ta da matatar mai. Ta Kaduna ta daɗe a tsaye, defon Hotoro ma ba ya cika da motoci kamar a zamanin da mai ke zuwa ta bututu. Gas ɗin da muke sha a tanka yake tahowa daga kudu, ko daga defo-defon bakin teku ko daga matatar Dangote da ke Lekki, wadda ta fara fitar da gas a 2024. Tafiya ce ta kusan kilomita 1,000 daga Legas. Gwamnati ta daɗe da cire hannu daga farashin gas, kowa sayarwa yake gwargwadon yadda ya saro, shi ya sa za ki ga ɗan bambanci tsakanin wannan gidan mai da wancan. Amma duk wanda ya yi lodi ta hanyar gaskiya, kuɗin sari da kuɗin dakon da ya biya kusan ɗaya ne da na maƙwabcinsa. Ta yaya mutumin da ke zaune da jarkoki goma a gindin bishiya zai fi mai tanka araha da naira 150 a lita, ya kuma ci riba? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Akwai inda ragin nan yake fitowa.

Wani gas ɗin na jarka zuƙo shi ake yi da tiyo daga tankin tirelolin kamfani, ko janaretan ma'aikatu, ko na turakun sadarwa. Asalinsa mai kyau ne, amma ya bi ta jarkar da jiya aka ɗebo ruwa da ita, da mazurarin da ke kwance a ƙasa, da duron da aka taɓa zuba baƙin mai. Kuma na sata ne, ba abin da za a ciyar da maraya da ribarsa ba. Wani kuma guggubin ƙasan tanki ne, wanda aka kwashe lokacin wanke tanka aka bar shi ya kwanta aka tsiyaye samansa. Akwai wanda ake dafawa a dazukan Neja Delta daga ɗanyen man da aka fasa bututu aka sata, a cikin tukwanen ƙarfe, ba ma'aunin zafi ba gwaji. Wannan yakan zo da sauran fetur a jikinsa da nauyin da bai ƙone ba, yau ya yi kauri gobe ya yi tsinki. Akwai kuma na haɗin gambiza, a zuba mai nauyi a zuba mara nauyi har ya yi kama da na gaske. Ban ce kowane ɗan bumburutu macuci ba ne. Da yawansu a gidan mai suke saye su kai inda babu gidan mai, kuma irin waɗannan tsada suke ƙarawa. Wanda ya fi gidan mai araha shi ne abin tsoro.

Duk da haka kada ki yi saurin wanke bakanike, kada kuma ki yi saurin kama shi. Akwai tambaya ɗaya da wasiƙarki ba ta amsa ba, kuma ina ganin rabin labarin yana cikinta: da aka canja nozul karon farko, an sauke tanki an wanke? An hure layukan mai? An sa sabuwar filta ta gaske? Idan ba a yi ba, to sabon nozul aka ɗora a kan tsohuwar dauɗa, kuma ko daga ranar aka koma shan gas mafi kyau a Kano, abin da ke kwance a tankin ya isa ya sake kashe shi. Haka idan famfo ya riga ya fara cin kansa, garin ƙarfen da yake zubarwa yana zagaya layi ya dawo tanki ya sake komawa. Wannan kuskure ne da ake yawan yi, wani lokaci don bakanike yana gaggawa, wani lokaci don mai mota ne ya ce a rage kuɗi. Yana yiwuwa kuma nozul ɗin da aka sa ɗan gwanjo ne aka kira shi sabo. Saboda haka ana iya samun gas mara kyau da aiki mara kyau a mota ɗaya, kowa kuma yana nuna ɗan uwansa.

Gani ya kori ji. Ki sa a kawo motar, ki tura wani namiji naki da kika amince da shi, yayanki ko ƙaninki, idan ma za ki iya ki je da kanki babu laifi, dukiyar 'ya'yanki ce. A kwance filtar gas a gaban baffan yara, a juye abin da ke cikinta a farin kwano, sannan a yanka gwangwanin a warware takardar ciki a rana. Filta ba ta ƙarya. Idan aka ga ɗigon ruwa yana yawo a ƙasan kwano, ko baƙar yauƙi, ruwa ne ya daɗe a tanki. Ja-ja mai kama da garin bulo tsatsa ce. Jar ƙasa mai gurzar yatsa ƙura ce, ko daga jarka ko daga murfin tankin da robarsa ta mutu, kuma kin san yadda ƙurar hunturu take a hanyar Dawanau. Idan kuwa aka ga wani abu yana ƙyalli kamar garin azurfa, famfo ne ke narkewa. A ƙasan filtar yawancin motocin gas akwai ɗan makunni da ake murɗawa a tsiyaye ruwan da ya taru, wasu motocin har fitila suke kunnawa a gaban direba idan ya cika. Ki tambaya yaushe rabon da a murɗa shi. Aikin minti biyu ne, kuma a damina ya kamata yaron mota ya riƙa yinsa kowane sati.

Tsofaffin nozul ɗin da aka cire ma ki nema. Naku ne. Akwai masu injin gwajin injekta a garin nan, a ɗora nozul a gaban mutum a ga yadda yake feshi, ko hazo yake yi ko tsartuwa ko ɗiga. Ki kai wa wanda ba shi da alaƙa da bakanikenku. Bakaniken kirki ba ya jin haushin wannan.

Shi kansa gas ɗin abokin baffa, a ɗebo lita ɗaya a kwalba mai haske, busasshiya, a ɗebo wata litar daga gidan mai, a ajiye su gefe da gefe a inda yara ba sa kaiwa, nesa da murhu, su kwana. Da safe ki ɗaga su a haske. Gas mai kyau, ko wane launi ne, kina iya hango yatsanki ta bayansa, ƙasansa kuma babu komai. Idan ya yi dishi-dishi kamar ruwan da aka wanke shinkafa, akwai ruwa a gauraye. Idan wani layi ya raba ƙasa da sama, ruwan ne ya kwanta, domin ya fi gas nauyi. Ki ɗiga kaɗan daga kowace kwalba a farar takarda ki bar su su bushe. Na kirki tabon maiƙo yake bari mara launi sosai. Wanda aka haɗa da tsohon baƙin mai yakan bar duhu a tsakiya. Ki shinshina kuma, warin fetur ba ya ɓuya ga wadda ta saba tada janareta. Wasu sukan ƙyasta ashana su gwada, don gas na gaske ba ya kamawa da wuri sai ya ɗau zafi fiye da digiri 55. Don Allah kada a yi wannan a gidanki. Idan akwai fetur a ciki, tururinsa ne zai kama kafin hannu ya janye.

Akwai gwajin nauyi, kuma tunda motar a Dawanau take aiki sikeli ba zai yi wuya ba. Lita 10 ta ruwa kilo 10 ce. Lita 10 ta gas ba ta wuce kilo 8.2 zuwa 8.6, a zafin Kano ma takan ɗan ragu kaɗan. Kananzir kusan kilo 8 ne, fetur kuwa bai kai 8 ba, yana wajen 7 da rabi. A fara auna jarka babu komai, a zuba, a sake aunawa, a cire nauyin jarkar. Idan ya yi ƙasa sosai, ko an tsinka shi ko litar ba ta cika ba, kuma duka biyun cuta ce. Amma in gaya miki gaskiya, wannan gwaji da na kwalba ɓarawon da bai ƙware ba suke kamawa. Wanda ya iya haɗi zai daidaita nauyi da launi duka. Akwai kuma abin da babu kwalbar da za ta nuna shi, kamar yawan farar wuta, wadda 'yan harkar mai ke ce wa sulfa. Shekaru da dama ƙa'idar Najeriya ta yarda da har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali Turai ta tsaya a kashi 10 tun 2009. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa kashi 50. Idan ta yi yawa a gas, tana zama asid a cikin baƙin mai ta ci inji a hankali, kuma motocin Kwatano na baya-bayan nan masu matatar hayaƙi a salansa ba sa jure ta ko kaɗan. Wannan sai ɗakin gwaji. Tunda ke da ni ba mu da ɗakin gwaji, abin da ya rage mana shi ne mu zaɓi hannun da muke karɓa daga gare shi.

Ba zan ambaci sunan wani gidan mai ba, domin na ga gidaje biyu masu allo iri ɗaya, ɗaya amana ɗaya akasin haka. Manaja da mai gida su ne gidan mai. Ki sa a duba inda manyan motoci ke layi, tireloli da tifofi da motocin kamfanoni masu sha da takarda, irin waɗanda ake gani a titin Zariya da titin Maiduguri da hanyar Katsina wadda motarku ke bi kullum. Direban tirela ba ya komawa inda aka taɓa kwantar masa da mota, kuma labari a tsakaninsu ya fi rediyo sauri. Gidan da ke sayar da gas da yawa tankinsa ba ya daɗewa bai juya ba. Gidan da fetur ne cinikinsa, famfon gas ɗaya ne a can lungu ya yi ƙura, gas ɗinsa na iya yin watanni a ƙasa yana tara gumi da laka ko da mai gidan mutumin kirki ne.

Wannan na koye shi da tsada. Wata shekara cikin Agusta, bayan ruwan kwana biyu, motocinmu uku suka sha gas a wani gida da muka daɗe muna hulɗa da shi. Kafin la'asar biyu sun tsaya a hanya, suna farin hayaƙi suna shaƙewa. Da aka bincika, murfin tankin ƙasa ne ya tsage, ruwan sama ya malala ciki. Babu wanda ya yi niyyar cuta. Abin da ya cece mu rasit ne, mai kwanan wata da lita da lambar mota. Manajan ya saka sandar awo a gabanmu, ya shafa mata wani mai kamar man goge baki wanda ke canja launi idan ya taɓa ruwa, ya ga abin da ya gani, suka ɗauki rabin gyaran. Da a jarka muka saya, wa za mu kama? Tun daga ranar, duk gidan da zan ƙulla hulɗa da shi sai na tambayi manaja sau nawa suke gwada ruwa a tanki, na kuma nemi ganin takardar lodi da ta shaidar inganci da ke biyo tanka daga defo. Mai gaskiya yakan buɗe durowa ya miƙo. Wanda ya fara kame-kame ya riga ya ba ni amsa.

Idan aka tarar da tanka tana sauke gas a gidan, a wuce a dawo bayan wasu awanni, domin zubawar tana tayar da abin da ya kwanta a ƙasa. Kada a riƙa barin tankin mota yana kaiwa ƙarshe, musamman da damina, an fi so a cika da yamma a kwana da shi a cike don gumi ya rasa wurin taruwa. Idan tafiyar ƙauye ta sa dole a riƙe gas a jarka, a ware jarka guda mai murfi wadda ba a zuba komai a cikinta sai gas, kuma a guji ajiye shi a duro ko bokitin da aka yi wa rufin tutiya irin na kwanon rufi, don gas yana cinta. Filta kuwa, a Ƙofar Ruwa akwai mai tsada akwai mai araha, a tsaya wajen dila guda da aka sani a sayi ta gaske, a kuma riƙa canja ta da wuri, kada a jira mota ta fara ja da baya a kan gada. Magungunan kwalba da ake tallar suna wanke nozul ba sa mayar da mugun gas ya zama na kirki, kada a kashe kuɗin yara a kansu. Idan kuma wata rana gidan mai ya cuce ku ya ƙi sauraro, hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa ta gaji aikin kula da gidajen mai daga tsohuwar hukumar DPR, tana da ofis a Kano, ita ke ba su lasisi ita ke rufe su. Da rasit da samfurin gas a kwalba ake zuwa.

Saura baffan yara, kuma na san shi ne ainihin abin da ya hana ki barci. Ki ɗauki biro. A ce motar tana shan lita 100 a sati, ragin naira 150 ya zama 15,000 ke nan, a wata bakwai ya tasam ma 450,000. Ki sa ainihin litar da kuke sha a wurin tawa, ki jera kusa da kuɗin gyara biyu, ki ƙara da balas ɗin kwanakin da motar ta yi a gareji ba ta fita ba. Sannan ki tambayi kanki abu ɗaya: tun da aka koma jarka, abin da yake kawo miki ya ƙaru? Idan ya ƙaru, to mutumin nan tattali yake yi muku bisa kuskure, kuma gyara shi ba wuya. Idan bai ƙaru ba, ragin yana tsayawa a wani wuri. Ko a nan ma kada ki yanke masa hukuncin ɓarawo. Yana iya yiwuwa abin da ake ba shi tun zamanin marigayi ne ba a taɓa ƙarawa ba, ga iyali, ga kuɗin hanya da na 'yan lodi da na haraji da ke fita daga aljihunsa, yana jin kunyar ya tambayi matar wansa ƙari daga kuɗin marayu, sai ya nemi mafita ta nan. Na ga irin wannan fiye da sau ɗaya. Yana iya yiwuwa kuma shi ma nauyin abokin nasa yake ji, ko akwai bashi a tsakaninsu.

Kada ki tare shi ke kaɗai, kada kuma ki kai ƙararsa gaban taron dangi. Ki sami babba guda a gidansu da yake jin maganarsa, wan mahaifinsu ko babban yayansu, ko wanda aka wakilta a kan dukiyar yaran lokacin rabon gado. A zauna ku uku bayan an ga abin da filta da kwalba suka nuna, don magana ta zama a kan abin da kowa ya gani da idonsa. Ki fara da godiya, domin shekara biyu yana fita da asuba saboda 'ya'yan ɗan uwansa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sannan ki ce masa wani abu kamar haka: "Baffansu, motar nan amana ce a wuyana da wuyanka, ranar gobe ni da kai za a tambaya. Ina so mu tsayar da gidan mai ɗaya, mu riƙa rubuta komai, don yaran nan idan sun girma su tarar da littafi. Kuma ina so a duba abin da ake ba ka, na san rayuwa ta canja." Ki lura ban sa sunan abokinsa a ciki ba. Ba sai an zagi kowa ba.

Tsarin kuwa mai sauƙi ne. Ki buɗe hulɗa da gidan man da aka zaɓa, kuɗin gas ya riƙa tafiya kai tsaye daga wayarki zuwa asusun gidan man, baffa ya sha ya sa hannu ya karɓo rasit. Gidajen mai da yawa sun saba da wannan da masu motocin haya. A sami littafi guda a cikin mota: kwanan wata, lita nawa, ina aka je, buhu nawa aka ɗauka. Idan mitar tafiya tana aiki a rubuta lambarta duk lokacin da aka cika tanki. Idan ta mutu, a ƙirga da sawu, Dawanau zuwa Dambatta lita kaza, Dawanau zuwa Wudil lita kaza. Cikin wata ɗaya za ki san abin da motar ke sha fiye da yadda kike zato, kuma duk ranar da shan ya tashi ba dalili, ko nozul ya fara ɗiga, ko filtar iska ta toshe, ko lodi ya wuce kima, za ki gani a takarda kafin ki gani a gareji. Ƙarin da za ki yi masa a alawus ki yi shi a fili, a gaban wannan babban, a rubuta. Ya fi miki sauƙi nesa ba kusa ba a kan sayen famfo na uku.

Idan aka yi duk wannan ya dage sai gas ɗin jarka, to magana ta tashi daga kan gas, kuma wakilin yaran ne zai yanke ko motar za ta ci gaba da zama a hannunsa. Ba na tsammanin za a kai nan.

Amma kafin a zuba ko lita ɗaya ta sabon gidan mai, a sauke tankin nan a wanke shi a shanya, a hure layuka, a sa sabuwar filta, a duba robar murfi. Ki rubuto mini abin da aka gani a cikin tsohuwar filtar. Idan ƙyallin ƙarfe ne, kada motar ta ɗauki ko buhu ɗaya sai mai gwajin injekta ya duba famfon, ko da kuwa sabo ne.